Ba Zan Kafa Fitilar Nan Ba

Zuwa gare ki, sanyin idona, raɓar safiyata, inuwar da nake rugawa ƙarƙashinta idan rana ta take. Zuwa ga 'yar siririyar nan mai tabarau, mai kaifin harshe da taushin zuciya, wadda duk garin nan yake tafe kai a sunkuye ita kuwa nata a ɗage. Sallama gare ki, irin sallamar wanda aka kora ya ƙi tafiya.

Saƙonki ya iske ni ina kan tsani, filaya a hannun dama, waya a hagu, saura ƙiris in faɗo ƙasa. "Ka haƙura da ni, ka nemi wadda ba za ta jawo maka magana ba. Ni ma na haƙura da taurarin." Shi ke nan fa? Da 'yan kalmomin nan za ki naɗe ni kamar tabarmar da aka gama zama a kanta? Sannan kika kashe wayarki, don kin san halina, kin san zan yi ta kira har ta yi zafi. To, tunda kin toshe waccan ƙofa, ga takarda, ita ba ta da maɓallin kashewa. Amsata kuwa ga ta tun daga sama, kada ki sha wahalar nemanta a ƙasa: ban haƙura da ke ba, kuma ban yarda ki haƙura da taurarinki ba. Duka biyun na ƙi!

Kin manta yadda muka fara ne, ya furen da ya tsiro a kan kankare? Bari in tuna miki. Kamfaninmu ya tura ni in kafa babbar fitila a katangar mai babban gidan nan da ke jikin naku. Na gama ɗaurewa gab da magariba, na kunna don gwaji, haske ya watsu ko'ina, ina jin kaina wani gwani. Sai ga murya daga saman beninku, siririya amma mai ratsa ƙashi:

"Malam mai wuta! Wai ƙasa kake son haskewa ko sama? An gaya maka ɓarawo ta cikin gajimare yake saukowa?"

Na ɗaga kai na ce, "Malama, an ce in sa fitila, na sa."

Kika ce, "To ka sa mata hula."

Ranar ban yi barci ba. Ni da na shekara da shekaru ina raba wa mutane haske, ban taɓa haɗuwa da mai roƙon duhu ba. Washegari na yanko kwano na lanƙwasa, na dawo na kifa wa fitilar, haskenta ya sunkuya inda ya kamata. Na tambayi mai kanti ko wace ce, ya ce ai 'yar shagon tabarau ce, ita ke auna wa mutane ido. Na wanke hannu na tafi shagon ina murza fuska, wai idona ke ciwo. Kika zaunar da ni, kika sa ni karanta haruffa tun daga manya har ƙanana, kika cire gilashin gwajin daga hancina kika ce, "Idonka lafiya lau. Ƙaryarka ce ke buƙatar gilashi, don ba ta hango nesa." Wallahi tun daga kujerar nan ban sake mallakar kaina ba.

Kin tuna daren da aka fara ba ni izinin hawa saman? Mamanku tana zaune a bakin matattakala da bargo a kafaɗa da kofin shayi, tana gadinmu tana gyangyaɗi. Tankin ruwa a gefe, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, ga madubin hangen nesanki tsaye a kan ƙafafunsa, wannan da kika laƙaba wa suna Dogo, 'yar na'urarsa tana juya shi a hankali yana bin tafiyar sama. Kika hana ni kunna tocila sai 'yar ja mai rauni. Kika nuna min taurarin nan uku da suke jere, kika ce in sauko da ido ƙasa da su kaɗan, in leƙa. Na leƙa. Abin da na gani bai wuce wani fatsi-fatsi ba, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a jikin gilashi.

Na ce, "Wannan ne ke hana ki barci?"

Kika ce, "Ido gaggawa gare shi. Zo ka ga abin da haƙuri ya gani."

Kika buɗe kwamfuta. Kika ce kyamarar da ke maƙale a bayan Dogo takan buɗe idonta ta daɗe tana tara haske, ta ɗauka, ta sake ɗauka, dare bayan dare, sannan ki ɗora hotunan kan juna har abin da ya ɓuya ya fito. Ya salam! Ja kamar cikin kankana, shuɗi kamar fiffiken tsuntsun da ruwa ya wanke, wani wuri baƙi ƙirin ya naɗe kamar hayaƙi, ƙananan taurari zube a tsakiya kamar an watsa gishiri. Kika ce hazo ne na ƙura da iska, masana suna ce masa nebula, a cikinsa ake haihuwar taurari. Kika ce hasken nan ya baro gida tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, sai yanzu ya iso, ya faɗo saman beninku tsakanin tanki da igiyar shanya. Kina ta bayani. Ni kuwa, Allah ya yafe min, rabin hankalina yana kan hazon, rabi yana kan jan hasken da ya kwanta a kumatunki.

Na ga yadda kike shan wahalarsa. Na ga daren da gajimare ya taso bayan kin gama saiti, kika zauna kika zuba tagumi kamar an yi miki rasuwa. Na ga raɓa ta rufe gilashi ta ɓata aikin dare guda. Na ga jirgi ya ratsa ya ja miki layi a tsakiyar hoto, kika bi shi da harara har ya ɓace. Da safe ki tafi shago da jajayen idanu ki auna idon wasu. Wanda ya ga wannan duka, shi za a cewa ya yarda kin haƙura? Kogi yakan haƙura da gangara? Shuka takan haƙura da juyawa wajen rana? Ki gaya wa wani, ba ni ba.

Ba na nan ranar da abin ya faru, amma Mama ta kwashe komai ta gaya min. Ta ce mai babban gida ya hango bakin Dogo daga tagarsa, ya rantse cewa ɗakunan iyalinsa kike ɗauka. Kafin kwana biyu magana ta yi ƙafafu. A wurin mai kanti an ce leƙen gidaje kike yi. A wurin tela an ce kina aika hotunan matan mutane ƙasashen waje. Kafin ta kai ƙarshen layi ta zama wai da aljanu kike hira, shi ya sa ba kya son haske. Aka taru a falon Yaya, babban wanku, wanda ragamar gidan take hannunsa tun rasuwar Baba. Kika ɗauko kwamfuta kika ce ga ta nan, a buɗe duk hoton da ke ciki. Mai babban gidan ya kau da kai ya ce, "Ni ba a yi min wayo da kwamfuta." Bai ko kalla ba! Yaya kuwa kunya ta rufe shi a gaban manyan layi, ya haye sama ya sauko da Dogo a kafaɗa yana buga shi da bango, ya kai shagonsa na kayan mota ya kulle. Mama ta ce ba ki yi kuka ba. Ta ce kin tsaya kin naɗe wayoyinki ɗaya bayan ɗaya kin zuba a jaka, kin shiga ɗaki. Da ta faɗi haka sai da na ji kamar na taɓa wayar wutar da ba a kashe ba. Da ma kukan kika yi, ya haskena, da ya fi min sauƙi.

Yanzu ki ji abin da ba ki sani ba, tunda kin kashe waya kin bar ni ina ta fama ni kaɗai.

Bayan taron nan maigidana a wurin aiki ya kira ni ya miƙo min kwalaye. Ya ce mai babban gida yana so a cire hular nan da na sa, a ƙara wasu fitilun manya, a juya fuskarsu saitin saman beninku, yadda ko kyanwa ta hau za a gan ta. Ya ce ni na san katangar, ni zan je.

Na ce, "Maigida, ka tura ni ko'ina, ko rijiya ce in shiga, amma ba zan kafa fitilar nan ba."

Ya ce, "Kai, mutumin nan shi ke ba mu rabin aikinmu. Soyayya ce za ta ciyar da kai?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Amma hannun nan ba zai tsone mata ido ba."

Ya ce in ajiye masa tsaninsa. Na ajiye, na jingina shi da kyau, na goge shi ma, na ɗauki jakar kayan aikina na fito. Ba zan ɓoye miki ba, an sami wani ya kafa su. Na bi ta layinku na gani, saman gidanku ya koma kamar filin ƙwallo, na tsaya ina cizon leɓe. Amma ba hannuna ba ne, kuma ko gobe aka sake tambayata amsar ba za ta canza ba. Kada ki kuskura ki ɗora wa kanki laifin wannan. Yanzu ina bin gidaje ina gyara fanka da injin ruwa, aiki yana samuwa, ba na kwana da yunwa, kuma rabona da in ji kaina a miƙe haka na manta.

Ummata ma magana ta kai mata, da gishirinta da yajinta. Na shiga na tarar ta haɗe rai.

Ta ce, "Surukar da zan samu ke nan? Mujiya? Mutane na barci ita tana kan rufi?"

Na durƙusa na ce, "Umma, ban taɓa tsallake maganarki ba, yau ma ba tsallakewa na zo yi ba. Amma ba zan ce miki na fasa ba, don in na faɗa ƙarya na yi miki. Ga abin da take yi a kan rufin."

Na miƙa mata hoton nan da kika wanke min, na taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta, da shuɗin hazon da ya lulluɓe su. Ta karɓa ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Ina samansa ina ƙasansa?" Na ce babu, Umma, duk yadda kika riƙe daidai ne. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, kai ma an fara taɓa ka." Na tashi. Ba ta ce ta yarda ba, ba zan yi miki daɗin baki ba, har yau ba ta faɗa ba. Sai dai shekaranjiya ina wanke hannu zan ci abinci, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Ita yarinyar, in ta hau saman nan, tana sa rigar sanyi kuwa?" Na san uwata. Wadda take shirin kora ba ta tambayar rigar sanyinta.

Sai Yaya. Na je shagonsa tun da ya buɗe, na gaishe shi, na zauna a kan bencin nan na bakin ƙofa. Bai kula ni ba. Masu sayen birki suka zo suka tafi, masu neman fulogi suka zo suka tafi, ina nan. Ya rufe, na tafi. Washegari ya zo ya tarar da ni na riga shi. Haka muka yi ta yi har ya gaji da ganina.

Ya ce, "Wai kai ba ka da aikin yi ne?"

Na ce, "An sallame ni, Yaya, a kan ƙanwarka."

Ya zauna kusa da ni, ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Kana tsammanin ban san ba ta leƙa kowa ba? Ni na goya yarinyar nan. Amma ni nake zama da mutanen layin nan, ni ake nunawa da baki."

Na ce, "To ka ba ni ita da kayanta, bakin ya dawo kaina. Ni fatata ta saba da shokin lantarki."

Dariya ta ƙwace masa ba da sonsa ba. Ya tashi ya shiga can ciki bayan tayoyi, ya fito da Dogo yana hure masa ƙura, ya kasa haɗa ido da ni. Ki kwantar da hankalinki: jikinsa ya ɗan loɓa a gefe, amma madubin ciki ko ƙwarzane babu. Wanki ba mugu ba ne, ya sanyin raina. Tsoron bakin mutane ne ya kama shi, irin wanda ya kama ki kika rubuto min abin da kika rubuto.

Kuma na samo mana wuri. Can bakin gari, bayan fitilar titi ta ƙarshe, inda gonaki suka fara. Ɗakuna ne a sama, ƙanana, famfon banɗaki yana ɗiga, ƙofar kicin ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, duk zan gyara. Amma saman, wayyo saman! Shimfiɗaɗɗe, ba katangar kowa a kusa, kudu a buɗe har inda ƙasa ta ƙare. Mai gidan wata tsohuwa ce, na zayyana mata komai tun farko don kada a sake. Ta ce, "Ɗan nan, ku hau ku kwana ma in kun so, ni dai kada ku fasa min tanki."

Na kai Dogo can na ce bari in gwada, in ba ki mamaki. Na kafa shi yadda na ga kina yi, na maƙala tsohuwar kyamarar abokina, na zauna sauro yana shagali da ni. Hotunan farko baƙi ƙirin, ashe murfi ban cire ba. Da na cire, taurarin suka fito kamar tsutsotsi, kowanne da jelarsa, don ban iya saita shi ya bi tafiyar sama ba. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na kira shi da sunansa. Ya ƙi ni ƙememe. Dogo bai san hannun kowa ba sai naki, ni ma haka.

To ki gaya min, ya tauraruwar da ba ta neman izinin kowa kafin ta fito, wa kika yi wa laifi? Gonar wa kika shiga? Sama ta wani ce da zai kewaye ta da katanga? Allah ya shimfiɗa abin mamaki a kan kowa, mutane suka rufe taga suka kwanta, ke kika tashi kika duba, sai ki zama abin kunya? A'a! Su yi ta faɗa. Su faɗa a kanti, su faɗa wurin tela, su faɗa har muƙamuƙinsu ya gaji. Su kunna fitilun duniya duka a katangarsu, su kwana cikin rana. Ba zan nemi wata ba. Wace ce watan? Wadda ba za ta jawo min magana ba? Ni maganar nake so in dai taki ce! Na fi son a nuna ni a titi a ce ga mijin mai hawa sama, da a yaba min a kan matar da ban zaɓa ba. Kuma ba na son ki zo min a karye, kin sauke kai, kin koyi kwanciya da wuri don a ce kin shiryu. Wadda na nema mai harara ce, mai tsawa daga saman bene, mai jajayen idanu da safe. Ita za a ba ni, cikakkiya, ko guntu ba zan rage wa kowa ba.

Kewarki ta hana ni sakat. Abinci ya zama kamar takarda a bakina. Ina tafe a titi in ga mai tabarau sai in matsa da sauri, in ga ba ke ba ce, in ji haushin baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ƙasar da ta shekara ba ruwa ba ta kai ni ƙishi ba. Ki tausaya, ki kunna wayar nan ko zagina ne ki yi.

In kuma kin ƙi, ga abin da zai faru, na gaya miki tun yanzu don kada ki ce na yi miki ba-zata. Ranar Asabar da la'asar, lokacin da duk layinku ke zaune a ƙofar gida, zan sauka daga mota tun daga bakin titi. Kawuna yana gabana da sabuwar rigarsa, zai shiga wurin Yaya a tsayar da ranar aurenmu. Sun riga sun yi magana. Ni kuma ina biye da Dogo a kafaɗa, ba zani ba buhu, rana tana dukansa yana ƙyalli. Zan taka a hankali. Zan gaida mai kanti, in gaida tela, in tsaya a ƙofar babban gida in gaida mai shi da kyau in tambayi iyali. Duk wanda ya ce mene ne wannan, in ce masa na matata ne, da shi take ɗaukar hoton inda ake haihuwar taurari, in yana so ya zo gidanmu ya gani, akwai kujera. Sannan in iso ƙofarku in ƙwanƙwasa. Dogo yana da nauyi, kin fi kowa sani, kafaɗata kuma ba ta ƙarfe ba ce. Amma ba zan sauke shi ƙasa ba, kuma ba zan miƙa wa kowa ba. Ina nan tsaye da shi a idon jama'a har sai kin fito kin karɓi abinki da hannunki.

Naki ne ni, jiya da yau da duk goben da Allah zai ara min. Naki a bainar jama'a, naki inda ba mai gani, ba gudu ba ja da baya har numfashi ya ƙare,

Mai wutarki.